Yadda ake rufe zangon wasan daɓe ba tare da ƙungiya ta watse ba

Duk shekara da zarar an ce Rajab ya tsaya sai wayata ta fara ƙara, ƙannenmu na ƙungiyoyin dirama na unguwa suna tambaya wai yaya ake shirya wasan rufe zango, wane wasa za su saka, wa za su gayyato ya zama babban baƙo. Ni kuwa abin da nake fara tambayarsu shi ne wa ke riƙe da littafin kuɗinku, sannan kayan da kuka aro tun farkon zango akwai inda kuka rubuta su? Nan fa sai kaji shiru. Na yi shekaru ina sakataren wata ƙaramar ƙungiyar wasan daɓe, kuma ƙungiyoyin da na ga sun watse a gaban idona kusan dukansu a sati biyun da ke bin wasan ƙarshe suka watse, lokacin da kowa ya gaji, kuɗin ƙofa yana aljihun mutum ɗaya, rawanin mutane yana cikin buhu, kuma babu wanda ya ce wa wani sannu da aiki. To bari in bi muku abin daki-daki yadda muka koya, wani da daɗi wani da wuya.

Fara da tsayar da rana

Mu nan kalandarmu uku ce kuma dole ka duba duka. Ta farko azumi. Ba wanda zai zo maka rihasal, wato gwajin wasa, da yamma yana jin ƙishirwa, dare kuma na tarawi ne da tafsiri, shi ya sa yawancinmu muke rufewa kafin tsakiyar Sha'aban. Ka tuna azumi yana matsowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, a 2025 ranar 1 ga Maris aka ɗauka a Najeriya, saboda haka ranar da ta yi muku daidai bara ba lallai ta yi bana ba. Ta biyu damina. In a fili kuke wasa, kamar filin firamare ko ƙofar gidan hakimi, to daga watan Yuni zuwa Satumba hadari zai iya tashi ya kwashe muku labule da lasifika cikin minti biyar, ga kuma rabin 'yan wasanku sun koma gona in a karkara kuke. Ta uku jarabawa, domin ƙungiyoyinmu ɗalibai ne ƙashin bayansu, lokacin JAMB da WAEC da NECO iyaye ba za su bar yaro ya fito ba kuma suna da gaskiya.

Akwai ƙananan abubuwa da mutane ke mantawa. Kar ka saka wasa yammacin Asabar ko Lahadin da manyan kulob na Ingila ke karawa, wallahi samari gidan kallon ƙwallo za su tafi su bar ka da kujeru. Ka tambaya ko akwai babban biki a unguwa ranar, ko ranar kasuwar garin ce. In kana son mata da yara su zo ka fara bayan la'asar ka gama kafin a kira magariba, in wasan dare ne bayan isha'i to ka san iyaye mata da yawa ba za su samu fitowa ba. In rana ta yi muku daidai da 27 ga Maris ma ya yi kyau, ita ce ranar wasan kwaikwayo ta duniya, ana samun abin faɗa a gidan rediyo. Ka bai wa kanka sati shida daga ranar da aka tsayar zuwa ranar wasa.

Zaman kuɗi kafin a sayar da tikiti ko ɗaya

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa saboda kunya, kuma shi ne ya fi kowanne. Tun ran gini tun ran zane. Ku zauna duka ƙungiya, ba shugabanni kaɗai ba, ku yanke yadda za a raba abin da zai shigo tun bai shigo ba, lokacin da zuciyar kowa take a kwance. Mu tsarin da muka tsaya a kai shi ne, da farko a biya bashi, wato hayar kujeru da rumfa da mai sauti da mai da duk wanda ya ranta wa ƙungiya kuɗinsa cikin zango ko da na fiya wata ne. Abin da ya rage a kasa shi uku, kaso ɗaya ya shiga asusu don buɗe zango mai zuwa, kaso biyu a sallami mutane. Ku kuna iya canza kason, amma kar ku taɓa jerin, bashi ne gaba.

Sai maganar wa zai samu nawa. Nan ake rigima. Wanda ya fito a sarki yana ganin shi ya ɗauki wasan a kansa, wanda ya ɗauki katako a kafaɗa tun safe shi ma yana ganin haka. Ra'ayina, kuma na tsaya a kansa, a yi lissafi da halartar rihasal. Sakatare yana da rijista, wanda ya zo sau talatin ba ɗaya yake da wanda ya zo sau takwas ba ko da shi ne jarumin wasan. Darakta da marubuci a ware musu ɗan ƙari da yardar kowa. A rubuta a littafi, a karanta da ƙarfi, shugaba da ma'aji da mutum biyu daga cikin membobi su sa hannu. In kun ga alamar ba abin da zai rage bayan bashi ku faɗa wa juna gaskiya tun yanzu, mutum zai iya yin wasa kyauta da farin ciki in ya sani, abin da ba ya yafewa shi ne ya sa rai sannan a ce masa babu.

Wane wasa za a saka

Kar ku ƙirƙiro sabon dogon wasa don rufewa, sati shida ba zai ishe ku ba ga mutane sun gaji. Ku dawo da wanda jama'a suka fi so cikin zangon, wanda har yara ke maimaita maganganunsa a layi, ku gyara inda ya yi rauni. Kafin shi a saka gajeren wasa na minti goma sha biyar na ƙananan ƙungiya, waɗanda duk zangon ba su wuce fitowa a dogari ko ɗan aike ba. Iyayensu za su zo saboda su, kuma su ne za su riƙe muku ƙungiyar baɗi idan manya sun tafi makaranta ko sun yi aure.

Duk babban matsayi a samu na ko-ta-kwana wanda ya haddace shi, musamman na mata, domin yarinya za ta iya wayar gari a ce ba za ta fita ba kuma ba ka da ta cewa. Kwana biyu kafin wasa a yi cikakken rihasal a ainihin wurin, da kayan sawa, da makirfo, kuma a daidai lokacin da za a yi wasan. A nan ne zaka gane ashe ƙarfe biyar rana tana dukan idon 'yan kallo, ko kuma gemun dattijo yana faɗuwa in ya yi gumi.

Wuri, izini da mutanen gari

Ka je wurin mai unguwa da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce ranka ya daɗe yaranka ne za su rufe wasansu na bana muna neman albarka. Shi zai nuna maka ko sai an kai maganar gaban dagaci ko hakimi. A kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, a yi magana da 'yan sintirin unguwa su tsaya a ƙofa kuma a saka sallamarsu cikin lissafi. A Kano akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i da aka kafa tun 2001, ga kuma Hisba, saboda haka in taron jama'a ne da tikiti ka je ka tambaya abin da ake buƙata tun da wuri, kar ka dogara da wai bara ba a ce komai ba. 'Yan uwanmu na Nijar su kuma ofishin magajin gari da masu kula da gidan matasa ne hanyarsu. A raba wurin zaman maza da na mata tun wajen jera kujeru, a sa igiya ko hanya a tsakani.

'Yan matan ƙungiya kuwa, shugaba da wata babbar mace ta ƙungiya su je gida-gida su sanar da iyaye rana da lokacin tashi, kuma a tanadi adaidaita sahun da zai mayar da su har ƙofar gida. Wannan kuɗin ba a taɓa shi ko me ya ƙare.

In hol za ku kama ka karɓi rasit, ka tambaya ƙarfe nawa ake rufewa, wa ke da mukulli, kuma shara a kan wa take. In fili ne ka zagaya ka ga inda za a ajiye inji nesa da daɓe don ƙararsa kar ta danne murya. Wanda ya taɓa shiga dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda aka gina da ƙasa kamar gidan Bahaushe, ya san yadda bango ke tattaro murya, to ko a fili kake ka nemi inda daɓe zai jingina da katanga.

Gayyata

Kati da WhatsApp da sanarwar rediyo duk suna da amfani amma iyayen ƙungiya ba a gayyatarsu ta waya. Alhajin da ya ba ku kuɗin labule, Hajiyar da ta ba ku aron tukwane da tabarmi, hedimastan da ya bar muku aji kuna rihasal, a je musu gida mutum biyu. Babban baƙo kuma ku zaɓi wanda zai zo da kansa a kan lokaci ya zauna har ƙarshe, ya fi muku mai babban suna da zai turo wakili bayan magariba. Ka faɗa wa mai gabatarwa cewa lokaci na cika za a fara ko kujerar gaba babu kowa, jawabi kuma mutum biyu kacal, minti uku-uku. Jama'a wasa suka biya su gani.

Ranar wasa

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 inji ya zama shi ne babban mai cin kuɗin wasa, sai mutane suka koma auna mai daidai-wa-daida. Kar ka yi haka. Mu an taɓa yi mana, ana tsakiyar fitowar ƙarshe, uwa ta gane ɗanta da ya ɓata, fili ya yi tsit har kana jin kukan jariri daga can baya, sai inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Kafin a samo mai a bakin titi mutane sun miƙe, abin da muka yi wata uku muna ginawa ya tafi a minti goma. Daga ranar muke cika tanki, mu ajiye jarka ɗaya a gefe, mu sa yaro ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai inji, ga filogi sabo a aljihunsa, ga fitilun caji guda huɗu a gefen daɓe, ga batiran makirfo na canji.

Ƙofa mutum biyu ne, ɗaya yana karɓar kuɗi ɗaya yana yaga tikiti, kuma kar su zama 'yan gida ɗaya ko aminan juna, don kare su ne daga zargi. Tikiti ya zama mai lamba, a rubuta lambar farko kafin a buɗe ƙofa da ta ƙarshe bayan an rufe. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, to a sa lambar asusu ɗaya tak a manna a bango, wayar da alat ke shigowa tana hannun mai ƙofa, sai ya ga kuɗi sun shiga da idonsa domin hoton rasit na bogi ya yi yawa. Masu shiga kyauta a rubuta sunayensu tun jiya, wanda baya cikin takarda ko ƙanin darakta ne ya biya.

Kuɗin liƙi fa? Ku yanke tun a zaman farko ko na wanda aka liƙa wa ne ko na ƙungiya, a sa yaro ɗaya da ƙwarya yana tsincewa. Masu alƙawari a lasifika kuwa, wanda zai miƙe ya ce ya ba da kaza a yi tafi, sakatare ya bi shi har kujera cikin ladabi ya ce yallaɓai gobe ƙarfe nawa za mu same ka. Alƙawarin da ya wuce kwana uku da wuya ya fito, kuma kar ku saka shi a lissafi sai ya shigo hannu.

Idan wasa ya ƙare aka fito gaisuwar ƙarshe, bayan 'yan wasa a kira na bayan labule ɗaya bayan ɗaya da sunansu, mai kwalliya, mai sauti, telan da ya ɗinka kaya bashi, yaron inji, masu ƙofa. A sanar da jama'a cewa an rufe sai bayan sallah, a yi addu'a. Sannan ba wanda zai tafi sai an yi abu biyu a daren. A ƙirga kuɗi gaban mutum uku, a gwada da lambar tikiti, a rubuta a sa hannu, a ɗauki hoton shafin a tura gurup ɗin ƙungiya kafin kowa ya kwanta. Na biyu a tattara kaya da takardar aro a hannu ana kira ana amsawa.

Kayan aro

Nan zan ɗan daɗe domin nan ne na ga abin da har yau yake damuna. Akwai wani dattijo ɗan gidan sarauta da yake ba mu aron kaya duk lokacin da wasa ke da fada, kuma a wannan zangon ya ba mu farar alkyabba da rawani ɗan Kura, irin baƙin nan mai ƙyalli da shuni ke zuba daga jikinsa. Daren rufewa kowa na murna, wani ya naɗe rawanin yana jiƙe da gumi ya cusa shi cikin buhun bakko tare da alkyabbar, aka jefa a ɗakin ajiya. Azumi ya shigo, kowa yana zaton wani ya mayar. Sai bayan sati uku aka buɗe buhun. Shunin ya kama kafaɗar alkyabbar har zuwa ƙirji, ga warin rima. Ni da shugaba muka kai masa. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya daɗe yana shafa wurin da tafin hannunsa bai ɗago ba, can ya ce da wannan aka naɗa mahaifina. Muka ce Baba a yi mana afuwa za mu biya. Ya ce me za ku biya, ku tashi ku je Allah ya kiyaye gaba. Bai yi faɗa ba, yana amsa gaisuwarmu har ya rasu, amma ƙofar nan ta rufe, kuma sauran gidajen da ke ba mu aro duk sun ji labari.

Saboda haka ga yadda ake yi. Duk abin da aka aro, ko ludayi ne, a rubuta ranar da aka karɓa da sunan mai shi da sunan wanda ya karɓo, kuma wanda ya karɓo shi zai mayar. Daren wasa a shanya duk kayan sawa su sha iska, kar a ninke komai da danshi, mai shuni a ware shi shi kaɗai. Babbar riga a kai wanki da guga, in shadda ce mai son bugu a kai wa masu bugu. Alkyabba da rawani da duk wani kayan gado kar ka sa musu ruwa da kanka, ka tambayi mai su yadda yake so. Cikin kwana uku komai ya koma gidansu, a haɗa da ɗan goro ko turare ko sabulu, mutum biyu su kai su yi godiya. In wani abu ya fashe ko ya ɓata a faɗa a ranar, kar a jira mai shi ya aiko.

Zaman lissafi da sallama

Kar ya wuce kwana bakwai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ma'aji ya zo da littafi da rasit ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita tun farkon zango, duk mai tambaya ya yi, kuma shugaba kar ya ɗauki tambaya a matsayin raini. A biya bashi a gaban kowa, a ware na asusu a kai banki ko a ba wa uban ƙungiya ajiya da shaidu, kar ya kwana a wayar mutum ɗaya. Sannan a sallami mutane a ambulan, kowa ya sa hannu.

Bayan kuɗi sai a zauna a kan tabarma da ɗan zoɓo da abin taɓawa a yi maganar zangon. Kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da ya ɓata masa rai, a fara daga ƙanana domin in manya suka fara yara ba za su yi magana ba. Za a ji abubuwa, wanda darakta ya daka wa tsawa gaban budurwarsa, wadda aka cire daga matsayi ba a gaya mata dalili ba. A saurara, wanda ya yi kuskure ya ba da haƙuri, a yafi juna tunda ga azumi na ƙaratowa. Wanda zai bar ƙungiya saboda karatu ko aure a yi masa sallama ta mutunci, a bar sunansa a gurup.

Ajiya

Kayan ƙungiya na kanta a zuba a akwatin ƙarfe da kafur ko busasshen ganyen darbejiya, a ɗora akwatin kan bulo. Katakon daɓe kar ya taɓa ƙasa ko bango, gara ba ta hutun zango. A cire batir daga makirfo da fitilu, a naɗe wayoyi, a zuƙe man da ya rage a inji in naku ne.

Rubutun wasa kuma a tattaro kwafin da darakta ya yi wa gyare-gyare da biro, shi ne na gaskiya, a ɗauki hoton kowane shafi. In wasanku irin wanda ba a rubutawa ne, ana tsara labari kowa ya zuba maganarsa, to cikin satin nan mutum biyu su zauna su rubuta shi fitowa-fitowa tun yana kai. Bidiyo da hotuna a ajiye wuri biyu, kar a bar su a wayar mutum ɗaya da za ta iya faɗawa ruwa. Kar ku raina wannan, ai ƙungiyar dirama ce irin taku, Tumbin Giwa ta Kano, ta fito da Turmin Danya a 1990 wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, ba ku san wane wasanku ne wani zai zo nema nan da shekara goma ba.

Abu na ƙarshe kafin a tashi daga wannan zaman, a tsayar da ranar dawowa, rana takamaimai, misali Asabar ta biyu bayan ƙaramar sallah ƙarfe huɗu a inda aka saba, kar a ce sai an ji daga gare mu. A tsakani a haɗu sau ɗaya a sha ruwa tare a gidan wani, in goma ga azumi ta yi ƙananan su fita tashe manya su raka su, nan ma zaka tsinci yaro mai murya da rashin tsoron jama'a ka rubuta sunansa. Mukullin ɗakin ajiya a yi guda biyu, ɗaya wurin ma'ajin kaya ɗaya wurin uban ƙungiya, kuma a sa mutum ɗaya ya riƙa leƙawa duk sati biyu yana buɗe akwati yana duba ko rufi na yoyo.